Layi Goma Sha Ɗaya

Injiniya bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. Abokan aikinsa a ofishin amsa kiran waya na kamfanin ruwa ne suka laƙaba masa sunan, don mutum ne da ba ya iya barin waya ta huta. Idanunsa sun rufe tun yana yaro, a hankali a hankali, amma duk wanda wayarsa ta rikice a ofishin, teburinsa yake nufa. Tasa wayar tana da murya mai karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa a kan allo, ya kuma ƙure mata sauri har masu ido ba sa tsintar ko kalma ɗaya. Matarsa, Maman Mami, wadda ita ma ba ta gani, ita ta sa wa muryar suna Aku.

Ranar Asabar ɗin nan, tun da aka sha shayi ya kasa zama wuri ɗaya. Ya tashi ya taɓa ƙofa, ya dawo ya zauna, ya sake tashi ya gyara rediyon da ba abin da ya same shi. Abin da ke cin sa yana cikin aljihun rigarsa, takarda ce guda, an ninke ta huɗu.

Jiya Mami ta kawo ta daga makaranta. Mami 'yarsu ce tilo, shekararta tara, kuma ita ce idon gidan. Ita take karanta kwalbar magani, ita take cewa rigar nan ta yi tabo, ita take raka uban bakin titi kowace safiya, hannunsa a kafaɗarta, ta duba masa lambar motar da ke zuwa ofis kafin ta wuce makaranta. Da ta buɗe takardar, a numfashi ɗaya ta gama.

"Malama ta ce a saya mini sabon littafin rubutu."

Ya ce to, ya karɓi takardar zai ajiye. Sai dai Malamar nan hannunta da nauyi, tana danna biro kamar da faɗa, rubutun ya tasa ta bayan takardar. Yatsun da suka saba da ɗigon rubutun makafi ba sa wuce irin wannan. Ya bi ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Layi goma sha ɗaya. Wane irin littafin rubutu ne yake cin layi goma sha ɗaya? Da safen nan kuma Maman Mami, wurin wankin kayan makaranta, ta tsinci wasu biyu a aljihun siket, sun jiƙe sun zama tsumma.

Ƙaryar ba ta ba shi haushi ba, tsoro ta ba shi. Yarinyar ba ta taɓa ɓoye musu ko fasa kofi ba. Faɗa ta yi? Wani ne yake takura mata? Karatu ne ya gagara? Akwai wata tambaya ta huɗu da ta leƙo sau ɗaya, ya yi maza ya kore ta.

"Ka kai wa maƙwabciyarmu Mai Ɗinki ta karanta mana," in ji Maman Mami. Tana zaune a kujerarta ta kusa da taga tana saƙa rigar sanyi, ƙarafan saƙar suna ƙas-ƙas.

"Wa? Matar da ta karanta mini takardar asibiti bara, kafin yamma duk mai hawa bene sai ya tsaya ya tambaye ni ya ciki? Sirrin 'yata ba zai bi matakala ba."

"To ka jira Litinin ka je wurin Malamar."

"Ba zan kai Litinin ba."

"Na sani," in ji ta. "Faɗa dai na yi don kar a ce ban faɗa ba."

Aku yana karanta rubutun inji tas, amma rubutun hannu ya fi ƙarfinsa. Sai dai a makon nan, a zauren da makafi masu irin wayarsa suke haɗuwa suna musayar labari, ba a maganar komai sai sabuwar manhajar gwaji, wato wadda kamfani yake saki kafin ta nuna, don masu ƙarfin hali su ɗanɗana su faɗi inda take ciwo. An ce tana karanta rubutun hannu. Shugabar zauren, tsohuwar malamar makarantar makafi da kowa ke kira Anti, tana da dokoki biyu da take maimaitawa har an haddace. Kada ka sa manhajar gwaji a wayar da ba ka da wata sai ita. Kada ka sa ta sai ka saurari jerin matsalolinta har ƙarshe. Injiniya da kansa yake yi wa sababbin shiga faɗa a kan dokokin nan, da murya irin ta manya.

Wayarsa ɗaya ce. Ta Maman Mami mai madannai ce, ba ta iya komai sai kira. Mami kuwa ta tafi darasin Asabar, ba za ta dawo ba sai sha biyu. Awa uku ke nan.

Ya buɗe jerin matsalolin, Aku ya fara zubawa. Ta ɗaya, baturi yana saurin ƙarewa. Ta biyu, agogon ƙararrawa yakan yi shiru. A ta shida ya gaji, ya tsallake zuwa ƙasa, ya danna inda aka ce na yarda.

"Baban Mami, me na ji ka danna?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗinka ne ya cinye mana rediyo biyu."

Da farko abin da sauƙi, Aku yana ƙirga masa. Kashi goma, kashi talatin da biyu, kashi talatin da biyu, kashi talatin da biyu, har sai da ya fita baranda ya ɗaga wayar sama kamar mai shanya. Da ta cika ɗari, Aku ya ce wayar za ta mutu ta tashi, daga nan ya yi gum.

Wannan shi ne wurin da masu ido ba su san zafinsa ba. Su suna da wani ɗan layi da ke rarrafe a kan allo, suna kallo suna hamma. Shi ba shi da komai sai ɗumin wayar. Ya manna ta a kumatu, da zafi, to tana aiki. Ya ajiye, ya taka daga tebur zuwa ƙofa, taku bakwai, ya dawo, ya sake manna ta. Ya buɗe gilashin agogon hannunsa ya shafa, minti huɗu kacal. Ya shiga kicin ya buɗe famfo ya rufe. Ya fito da takardar ya sake ƙirga layukan, ko za su ragu.

"Don Allah ka zauna, kana sa ni ɓata ƙirga," in ji Maman Mami. Can kuma ta ce, a hankali, "Ka san Mami ta daina sa mini zare a allura? Sati uku ke nan. Sai ta ce hannunta ya jiƙe."

Ya je ya sake taɓa ƙofa.

Bayan minti ashirin da shida wayar ta girgiza a tafinsa, wata murya ta ce barka da zuwa. Aku ne, amma an mayar da shi sabo, yana jan magana kamar wanda aka tasa daga barci. Injiniya ya yi dariya shi kaɗai, ya ƙara masa sauri, ya ja labule. Labule shi ne abin da ke mayar da allo baƙi ƙirin alhali wayar tana aiki, don kar na kusa da kai a mota ya riƙa karanta maka saƙo. Hannunsa ya saba, ko tunani bai yi ba.

Manhajar kuwa ɗanya ce shar. Ya shafa nan, Aku ya ce maɓalli. Ya shafa can, maɓalli. Maɓallin me? Oho, ba a sa masa suna ba tukuna. Da wata rana ce, da ya zauna ya rubuta wa kamfanin rahoto mai zafi, amma yau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa yana fita, har ya faɗa kan mai karanta rubutun hannun. Don gwaji ya ɗauki biro ya zana sunansa a bayan wani kwali, da haruffan da ya tuna tun na firamare. Aku ya duba ya ce akwai alamar rubutu, amma ba a gane ba.

"Wannan kam ba laifin Aku ba ne," in ji Maman Mami.

Ya shimfiɗa takardar Malama a kan tebur, ya goge ninkin da tafin hannu. Ya dasa gwiwar hannunsa a gefenta, ya ɗaga wayar daidai haɓarsa, yadda ya saba in zai ɗauki shafi.

"Takarda," in ji Aku. "Rubutun hannu. Layi goma sha ɗaya. Zuwa ga iyayen…"

Shi ke nan.

Ya shafa allo, shiru. Ya danna maɓallin ƙara murya har yatsansa ya yi zafi. Ya buga da yatsa biyu, ya buga da uku, ya yi wa wayar magana, ya roƙe ta. Wayar tana nan da ɗuminta a hannunsa, ba baki, ba fuska.

Ya miƙe ya laluba bayan ƙofa. "Ina sandata?"

"Tana saman kabad tun da Mami ta koyi hanya. Ina za ka?"

Bai tsaya hawa kujera ba. Ya sauka benen da hannu a bango, ya fita titi haka nan. Shagon Mai Gyara yana kwanar layi, bai kai taku ɗari ba, amma a tsakani ya ci karo da babur da wani ya ajiye a kan hanyar ƙafa, ya ƙuje ƙauri, ya taka ruwan da ba ya son sanin na mene ne. Warin dalma da kiɗan rediyo suka gaya masa ya iso.

Mai Gyara ya juya wayar, ya sa mata caji, ya danna, ya yi tsaki. "Oga, allon ya mutu."

"Bai mutu ba. Labule na ja."

"Labule? Oga, waya ce fa, ba ɗaki ba."

Injiniya ya yi bayani, ya sake yi. Mutumin yana cewa eh, eh, amma ana jin hannunsa yana tona akwatin sukurdireba. Shekara nawa yana gyaran waya, in allo ya yi baƙi to ya mutu, makaho ba zai koya masa abin da yake gani da idonsa ba.

"Abu biyu ne," in ji shi. "Ko in buɗe ta in canja allo, ko in wanke ta gaba ɗaya ta dawo yadda ta fito daga kwali. Ka dawo Talata."

"Ba ni wayata."

"Ni dai taimako ne."

"Na gode. Ba ni."

Ya dawo gida yana ɗingishi, agogo ya ce sha ɗaya da rabi. Ya ari wayar Maman Mami ya danna lambar Anti, wadda ya haddace. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

"Injiniya, kai ne? Kai da kake yi wa yara wa'azi?"

"Ni ne, Anti."

"A jerin matsalolin, a ta nawa ka tsaya?"

"Ta shida."

"Ta sha huɗu ce ta kama ka. In labule yana rufe ka sa ta karanta rubutun hannu, muryar takan faɗi. Ka danne maɓallan gefe biyu har ta girgiza. Za ta tashi ba labule, amma kuma ba murya. Sai mai ido ya shiga saituna ya sake zaɓar muryar, rubutun wurin ƙanana ne ƙwarai. Kana da mai ido a gida?"

"Ina da," in ji shi.

Ya yi yadda ta ce, wayar ta girgiza. Ya mayar da takardar aljihu. Bai daɗe ba ya ji takun Mami a matakala, ta shigo da sallama, ta jefar da jaka a inda aka hana ta jefarwa.

"Mamana, zo ki taimaki babanki. Na lalata Aku."

"Baba, kuma?"

Ta zo ta tsaya tsakanin gwiwoyinsa tana warin rana da alli. Bai sakar mata wayar ba, ya riƙe ƙasanta, ita ta kama sama. Ya ce ta nemi hoton da ya yi kama da haƙoran inji, ta samu, ta danna.

"Yauwa. Yanzu karanta mini abin da ke jere, daga sama."

Sai ya ji wayar tana tashi a hannunsa. Ya bar ta, hannunsa ya bi. Ta tashi, ta ƙara tashi, ta matsa, har ƙashin yatsansa ya taɓa hancin yarinyar. Numfashinta yana sauka a bayan hannunsa, gashin idonta yana shafar ɗan yatsansa duk lokacin da ta ƙifta. A haka ta fara karantawa, kalma ɗaya, ta tsaya, kalma ɗaya.

Ya san wannan nisan. Shi ma a haka ya riƙe littafi yana ɗan aji huɗu, kusa har yana jin warin tawada. Shekara guda cur ya ɓoye, yana haddace abin da na kusa da shi ya karanta, yana dariya in an yi dariya. Tambaya ta huɗun da ya kora da safe ta dawo ta zauna masa a ƙirji, ta yi nauyi. Ya bar ta ta lalubo wurin, ta danna.

Aku ya farfaɗo, kuma da yake ba shi da hankali, sai ya ɗora daga inda ya tsaya. "Zuwa ga iyayen Mami. Wannan shi ne karo na uku da nake…"

"Baba, kashe shi."

Ya ɗora yatsu biyu, Aku ya yi shiru. Ƙarafan saƙar ma sun tsaya.

"Tun yaushe, Mamana?"

"Tun zangon da ya wuce." Muryarta ta shige ciki. "Allon aji, ko daga gaba ma ba na gani sosai. Malama ta dawo da ni bencin farko."

"Me ya hana ki faɗa mana?"

Ta daɗe tana murza gefen rigarsa. "In nawa ya lalace, wa zai duba muku magani? Wa zai kai ka mota?"

Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ta fi tsoron ma. Shi da ake kira Injiniya, mai gyara wayar kowa, ya ɗora gida guda a kan idon 'yar shekara tara, ya jefa sandarsa saman kabad, bai taɓa tambayar ko kayan sun yi mata nauyi ba. Maman Mami ta taso, ƙwallon zarenta ya gangara ƙarƙashin tebur, ta lalubo kan yarinyar ta rungume a cikinta.

"Zauna nan," in ji Injiniya. "Ki ji aikin da za ki huta da shi."

Ya sake taɓa allon, bai ja labule ba. Aku ya karanta takardar, yana tuntuɓe, wata kalmar ya ci rabinta, wata ya ce ba a gane ba, amma abin da ya fito ya isa. Yarinyar tana da ƙoƙari. Ba ta iya kwafar abin da ke kan allon aji ko daga gaba. A kai ta likitan ido ba da jinkiri ba. Sau da yawa tabarau ne kawai maganin irin wannan, amma likita ne zai faɗa.

"Kin ji? Sau da yawa tabarau ne."

"In ba tabarau ba ne fa? In irin naka ne?"

Ya so ya ce ba irin nasa ba ne. Amma ƙarya ɗaya ta ishi gidan a mako guda. "In irin nawa ne, kin faɗo gidan da aka fi kowa sanin hanyarsa. Ni da mamanki ba abin da ba za mu koya miki ba. Amma sai likita ya duba tukuna, kuma yau, suna nan har ƙarfe huɗu."

Ya jawo kujera ya hau, ya laluba saman kabad, tsakanin tsohuwar fanka da akwatin rediyon da ya kashe. Sandar tana nan a ninke, ta yi ƙura. Ya ware ta, gaɓoɓinta suka shiga juna ƙwas-ƙwas, Maman Mami ta goge ta da gefen zani.

A kan matakala Mami ta shigo da kafaɗarta ƙarƙashin tafinsa, yadda ta saba. Ya ɗauke hannun, ya lalubo nata ya riƙe.

"Yau ni zan kai ki."

Sandar ta sami babur ɗin nan kafin ƙaurinsa ya same shi, suka kewaye. Suka wuce shagon Mai Gyara, Aku yana surutu a aljihu, Injiniya ya ɗaga masa hannu bai tsaya ba. Motar da ke zuwa ofishinsa ita ce ke wucewa ta asibitin ido, don haka suka tsaya a inda suke tsayawa kullum. Rana tana dukan ƙeya. Ya fito da wayar, ya bi maɓallan nan marasa suna har ya sami kyamara.

Wata mota ta taho ta ci burki a gabansu. Ya ɗaga wayar ya saita ta wajen ƙarar injin, yana jira. Aku yana ta tunani.

"Ba tamu ba ce, Baba," in ji Mami. "Tamu ƙofarta tana kuka in za ta buɗe."

Ya tsaya da wayar a sama. Shi ma da kukan ƙofar yake gane ta, kullum, tun kafin yarinyar ta faɗi lamba, yana yin shiru don ta ji daɗin faɗa. Ashe wata da watanni su biyu suke tsayawa a nan, kowa ya kasa kunne, shi yana zaton tana kallo.

Sai a lokacin Aku ya faɗi lambar. Ba tasu ba ce. Motar ta ja ta tafi, ya ƙara damƙe hannunta, suka ci gaba da sauraro.